Waiwaye: Jajayen Fitilu Uku da Zafin da Ke Cin Na'urar Wasa

A ranar 5 ga Yulin 2007 kamfanin Microsoft ya yi abin da manyan kamfanoni ba su cika yi ba. Ya fito fili ya amsa cewa na'urarsa ta wasa, Xbox 360, tana mutuwa a hannun masu ita fiye da yadda za a lamunta. Wanda ya sa hannu a takardar shi ne Peter Moore, shugaban sashen wasanni na kamfanin a lokacin, wanda masu bin ƙwallon Ingila za su tuna da shi, domin shi ya riƙe ragamar gudanar da Liverpool daga 2017 zuwa 2020. Takardar ta ce an tsawaita garanti zuwa shekara uku ga duk na'urar da ta nuna jajayen fitilu uku, za a gyara ta kyauta, kamfani zai ɗauki kuɗin aikawa da dawowa, wanda kuma ya riga ya biya kuɗin gyara za a mayar masa da abinsa. Abin da aka ware don wannan aiki ya kama daga dala biliyan 1.05 zuwa biliyan 1.15, alhali na'urorin da aka fitar kasuwa zuwa lokacin miliyan 11.6 ne.

Abin da ya sa na ɗauko wannan tsohon labari shi ne, a tarihin na'urorin wasa babu darasin zafi da aka saya da tsada kamarsa. Kuma ina ganin matasanmu suna tara kuɗi wata da watanni, wani har da sayar da wayarsa, su sayi kwamfutar gem ko na'urar wasa, sannan su yanke mata irin hukuncin da Microsoft ya yanke wa tasa ba tare da sun sani ba.

Gaggawa ce ta fara jawo abin. Xbox na farko ya fito a 2001, ya tarar PlayStation 2 na kamfanin Sony ya riga ya cinye kasuwa. Shi ya ƙare a wajen miliyan 24, shi kuwa na Sony ya haura miliyan 150. Saboda haka mutanen Microsoft suka ƙudura cewa a zagaye na biyu sai sun riga kowa fitowa, kuma suka riga ɗin, domin Xbox 360 ya shiga shagunan Amurka ranar 22 ga Nuwamban 2005, kusan shekara guda kafin PlayStation 3. Akwai kuma wani miki da suke jinya. An yi ta sukar Xbox na farko da cewa ƙaton baƙin akwati ne mara fasali, musamman a Japan inda ɗakuna ba su da faɗi. Sai aka zana sabon ya zama fari, siriri, mai lanƙwasasshen ƙugu, abin sha'awa a gefen talabijin. A cikin wannan siririn jiki aka cusa furosesa ta kamfanin IBM mai cibiya uku, kowace tana gudun gigahaz 3.2, da cif ɗin hoto na kamfanin ATI wanda a zamaninsa babu na biyunsa a na'urar gida. Cajar da ke ba su wuta ta wat 203 ce, kuma don girmanta a waje aka bar ta.

Wanda ya taɓa buɗe Xbox 360 na farkon fitowa ya ga inda gizo ke saƙar. Furosesa ta samu dogon ƙarfen shanye zafi har da bututunsa na jan ƙarfe. Cif ɗin hoto kuwa a ƙarƙashin na'urar faifan DVD ya faɗo, inda babu sarari, sai aka ba shi gajeren alminiyom wanda zai iya shiga wurin. Fankoki biyu a baya su ne za su ja iskar duka. Wato siffar akwati aka fara yankewa, sannan aka ce iska ta nemi hanyarta a abin da ya rage. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma a nan ranar zanen ta wuce.

A gaban na'urar akwai zoben fitila mai kashi huɗu kewaye da maɓallin kunnawa. Idan lafiya lau, kore yake nunawa. Idan kashi biyu suka yi ja, zafi ne ya yi yawa, ka kashe ta ta huce ta tashi. Idan uku suka yi ja, wani abu ya lalace a ciki, kuma yawanci ta tafi ke nan. Wannan na ukun shi ne masu wasa suka sa wa suna jan zoben ajali. A lokacin kamfani yakan aiko wa mutum da kwali fanko ya sa gawar na'urarsa ya mayar, har mutane suka riƙa kiran kwalin akwatin gawa. Wasu an gyara musu an dawo da ita, bayan watanni ta sake nuna jan. A 2009 wani kamfanin sayar da garanti a Amurka mai suna SquareTrade ya fitar da lissafin abokan cinikinsa, ya ce kashi 23.7 cikin ɗari na Xbox 360 sun samu matsala cikin shekara biyu na farko, PlayStation 3 kashi 10, Wii na Nintendo kuwa kashi 2.7.

Da yake Microsoft ya yi shekaru bai yi cikakken bayanin abin da ke karyewa ba, sai kowa ya zama boka. Mafi shaharar magani shi ne na tawul. Mutum zai naɗe matacciyar na'urar da tawul biyu ko uku, ya toshe duk ƙofofin iska, ya kunna ta ya bar ta ta gasu na wajen minti ashirin, ya kashe ta huce. Abin mamaki, sau da yawa sai ta tashi. Ta yi kwana uku, ko mako biyu, ta sake kwantawa. Wasu suka riƙa cire ƙarfen da ke danne cif daga ƙasa suna maye shi da kusoshi, wasu suka ɗora laifin a kan dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Yulin 2006, wadda ta hana sa dalma a liƙin kayan lantarki, ta tilasta wa masana'antu komawa wasu sinadaran da ba su saba da su ba.

Sai a Disambar 2021, cikin fim ɗin tarihi da Microsoft ya fitar mai suna Power On, injiniyoyin suka yi magana dalla-dalla. Ɗaya daga cikinsu, Leo Del Castillo, ya bayyana cewa abin da ke karyewa yana cikin cif ɗin hoto kansa, wato ƙananan ɗigon liƙin da ke haɗa guntun silikon da faifan da yake zaune a kai. Kuma abin da ke karya su ba tsananin zafi na rana ɗaya ba ne, yawan hawa da sauka ne, ta yi zafi ta huce, ta yi zafi ta huce. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san halin ƙarfe. Duk abin da ya ji zafi yana buɗewa, amma ba daidai suke buɗewa ba. Faifan da ke ƙasa yana buɗewa ninki biyar ko fiye a kan yadda silikon ke yi. To su ɗigon liƙin nan da ke tsakani, kowanne bai kai kaurin gashi biyu ba, su ke shan ja duk lokacin da aka kunna wasa, su sha matsa duk lokacin da aka kashe. Kamar murfin gwangwanin madara ne da yaro ke lanƙwasawa gaba da baya. Lanƙwasa ɗaya ba ta yi masa komai, ta goma ma haka, amma yana ci gaba sai ka ga ya rabu biyu a hannunsa. Gwargwadon nisan da ke tsakanin sanyin na'ura da ƙololuwar zafinta, gwargwadon zurfin lanƙwasar ke nan.

Wannan ya warware sirrin tawul. Gashin yana sa kayan su motsa har bakin tsagar ya sake taɓa juna, wuta ta wuce na ɗan lokaci, amma tsagar tana nan, sauran kayan cikin kuma sun sha wahalar da ba su ji ba ba su gani ba. Na daɗe a kan wannan gaɓa ne domin tawul ɗin bai mutu ba, kama ya sauya. Akwai lokacin da masu kwamfuta a Turai da Amurka ke sa mataccen katin hoto a tandun gasa burodi na 'yan mintoci. A kasuwanninmu kuma bulowar zafi ce. A kai laftof ko na'urar wasa da hotonta ya ɗauke, a hura wa cif iska mai zafi, ta kawo, a karɓi kuɗi. Mai gyara na ƙwarai zai gaya maka gaskiya, cewa wannan jinkiri ne kawai, ka kwashe abin da za ka kwashe ka fara neman wani cif ko wani fanel, wato allon da cif ke zaune a kai. Wanda abin ya fi cuta shi ne wanda za a sayar wa irin wannan na'ura a matsayin lafiyayya.

Ba Microsoft kaɗai abin ya ci ba. A Yulin 2008 kamfanin Nvidia ya sanar da masu hannun jarinsa cewa zai ware tsakanin dala miliyan 150 da 200 saboda wasu cif ɗinsa na hoto da ke mutuwa a cikin laftof, ya ce kayan da aka haɗa cif ɗin da su ba su da ƙwari, ga kuma yadda aka tsara sanyaya laftof ɗin da yadda mutane ke amfani da su. Abin ya shafi laftof na HP da Dell da Apple. Laftof kuwa ita ce uwar hawa da sauka, a buɗe a rufe sau da yawa a wuni. Matakin farko da wasu kamfanonin suka ɗauka shi ne sabunta manhajar cikin fanel don fanka ta riƙa tashi da wuri tana daɗewa tana juyawa.

Sai mun koma baya kaɗan za mu ga dalilin da ya sa wannan nau'in lalacewa ke shammatar mutane. A 2001 mujallar intanet ta Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya zaga duniya. Suka kunna wasan Quake III a kan kwamfutoci daban-daban, ana tsakiyar wasa suka cire ƙarfen shanye zafi daga kan furosesa. Pentium 4 na Intel ya rage gudu, wasan ya riƙa tafiyar hawainiya, da aka mayar da ƙarfen ya ci gaba da aikinsa. Pentium III ya daskare amma bai mutu ba. Athlon na AMD kuwa cikin daƙiƙoƙi hayaƙi ya tashi, ma'auni ya nuna wajen digiri 370. Bayan wannan abin kunya AMD ya gyara, kuma yau babu furosesa ko katin hoton da za ka saya wanda ba ya auna zafin kansa, ya rage gudu in ya kusa iyaka, ya kashe kansa in ya wuce.

Wannan kariya alheri ce, amma ta haifar da sakaci. Tunda na'ura ba ta yin hayaƙi, mai ita yana ɗauka lafiyarta ƙalau. Alhali abin da ke faruwa shi ne, minti ashirin na farko wasa yana tafiya sumul, daga nan ya fara sarƙewa, mutum ya zargi intanet ko ya ce wasan ne ya yi nauyi. Furosesa ce ta kai digiri 95 ko 100, inda yawancin na zamani ke ja da baya, tana sauke gudun da ka biya kuɗinsa don ta tsira. Ita an gina ta ta jure wannan, AMD ma ya faɗa ƙarara cewa Ryzen 7000 an tsara shi ya yi aiki har digiri 95. Maƙwabtanta ne ba a gina su haka ba. Masu harkar lantarki suna da ƙa'ida a kan kafasito mai ruwa a ciki, irin wanda ke cike da akwatin ba da wuta, cewa duk ƙarin digiri goma yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Batirin laftof yana kumbura, man fanka yana bushewa. Yau da gobe ba ta bar komai ba.

Zafi ya taɓa tanƙwara Intel kansa. A 2004 ya soke furosesar da ya sa wa suna Tejas, ya kuma fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, domin wutar da suke ci da zafin da suke fitarwa sun wuce abin da akwatin gida zai iya kwashewa. Daga nan masana'antar ta daina tseren gudu ta koma ƙara yawan cibiyoyi.

Su masu ƙera na'urorin wasa sun ji jiki sun gyara. Microsoft ya ƙara wa cif ɗin hoton Xbox 360 ƙarfe na biyu a 2007, ya yi ta ƙanƙanta cif ɗin har cajar ta sauko zuwa wat 175, sannan 150 a ƙarshen 2008. Xbox One da ya fito a 2013 ƙaton akwati ne mai ƙatuwar fanka, aka yi ta yi masa dariya, kamfanin bai damu ba. Xbox Series X na 2020 a tsaye yake, fanka guda mai faɗin milimita 130 tana jan iska daga ƙasa tana fitarwa ta sama. Sony ma da zai fitar da PlayStation 5 a shekarar ta 2020, sai ya sa injiniyansa Yasuhiro Ootori ya warware ta gaban kyamara, kuma yawancin abin da ya nuna kayan sanyaya ne, da fanka mai faɗin milimita 120 da kauri 45, da narkakken ƙarfe a maimakon man shafawar da ake sawa tsakanin cif da ƙarfen shanye zafi, har da ramuka biyu da aka tanada don zuƙe ƙura. Girman da mutane ke ƙorafi a kai, wurin iska ne aka bari tun a takardar zane.

Mai haɗa kwamfutar gem da hannunsa ba shi da wani injiniya a bayansa, shi ne mai zanen. Kuma wutar da yake wasa da ita ta ninka ta Xbox 360. Katin hoto na RTX 4090 da ya fito a 2022 shi kaɗai wat 450 yake ci, RTX 5090 na 2025 wat 575, ban da furosesa. Abin da mutane da yawa ba su riƙe ba shi ne, kusan duk wutar da ta shiga kwamfuta zafi take komawa. Fanka ba ta kashe zafi, ba ta ƙera sanyi, dako kawai take yi. Dole zafin ya tashi daga guntun silikon da bai wuce faɗin farce ko biyu ba, ya ratsa man shafawa, ya shiga ƙarfe, ya hau iska, ya fita daga akwati, ya fita daga ɗaki. Duk inda hanyar ta toshe, abin da ke bayan wurin ne zai gasu, komai tsadarsa.

Man shafawar nan da ake rainawa aikinsa cike gurbi ne. Fuskar cif da ta ƙarfe suna da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, in ba a cike su ba iska ce za ta zauna ciki, ita kuwa iska a tsaye ba ta wuce da zafi, jan ƙarfe ya fi ta fiye da ninki dubu goma. Ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa furosesa. Yana bushewa da shekaru, kuma na'urar da ta shekara huɗu ko biyar ana gasa ta, sauya mata shi yakan sauke zafinta yadda mai ita zai ji a ƙarar fanka. Su kuma bututun jan ƙarfen da ke ratsa ƙarfen shanye zafi ba fanko ba ne. Akwai ɗan ruwa a ciki, an zuƙe iskar an liƙe, don haka ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba, tururin ya ruga can ƙarshen da fanka ke hurawa, ya koma ruwa ya dawo. Kowane giram na ruwa da ya zama tururi yana tafiya da sama da jul 2,200 na zafi. Ƙarfen kirki mai bututu biyar ko shida ya ishi yawancin masu wasa. Masu sanyaya da ruwa suna da kyau ga furosesa mai cin wuta sosai, amma mutum ya sani cewa ruwan ma dako yake yi zuwa lagireto, fanka ce dai za ta ƙarasa aikin, kuma ranar da famfonsa ya tsaya babu inda zafin zai bi. A inda kayan gyara ke wuyar samu, ni ƙarfe da fanka zan zaɓa, domin fanka kaɗai ke iya mutuwa a cikinsu, ita kuma ana samunta ko'ina.

A wajen akwati ne na fi ganin ana maimaita kuskuren 2005. Yaro zai zuba kusan duk kuɗinsa a katin hoto, sannan ya zaɓi akwati mai gilashi gaba da gefe saboda fitilu masu launi su fito, fankokin gaba suna manne da gilashi suna juyawa ba su da abin ja. Akwati mai raga a gaba, fanka biyu ko uku suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ya fi araha.

Gaɓar ƙarshe ita ce ɗaki, kuma nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Fanka da ƙarfe ba za su iya sauke cif ƙasa da zafin iskar da suke shaƙa ba. Abin da suke iyawa shi ne riƙe shi a wata tazara sama da ita. Masu gwajin kaya a Turai da Amurka suna aunawa a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25. Katin da suka ce yana tsayawa a 70, idan ka kai shi ɗakin da ke 38, to ka sa ran wajen 85, ko kuma fankarsa ta yi ta kururuwa don ta hana. Littafin da ke zuwa da PlayStation ya rubuta cewa a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 da 35. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ranakun bazara na Afrilu da Mayu suna haura 40 a inuwa, ballantana shago mai rufin kwano ba silin da ƙarfe biyu na rana. Tun ba a kunna ta ba an wuce iyakar da masu ita suka gindaya. Wannan ba ya nufin a daina wasa. Yana nufin ragin da wani ke da shi na yin sakaci, mu ba mu da shi.

Bazara na wucewa, damina ta ɗan sassauta, sai hunturu ya zo da nasa. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, laushinta ya kai ta shiga ɗakin da ke kulle. Kwamfuta kuwa wuni take tana zuƙar iska. Ƙurar tana taruwa a bakin siraran faifan ƙarfen shanye zafi har ta zama tabarma, fanka na juyawa iska ba ta wucewa. Da yake ana sanyi, ba a lura. Sai Maris ya kama, zafi ya tarar da hanya a toshe, shi ya sa shara mafi muhimmanci ita ce ta ƙarshen hunturu. A ɗaga akwati daga ƙasa, a sa raga a duk inda iska ke shiga, a bar masu shigo da iska su ɗan rinjayi masu fitarwa don ƙura ta daina kutsowa ta kafofin da ba raga. Wajen sharar a zare wuta, a danne fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta, a bi da burushi mai laushi. Masu kai wa mai faci ya hura su yi hattara, domin iskar tankinsa takan zo da ɗigon ruwa, ga ƙarfi fiye da kima. Haka masu jingina ƙanƙara ko sa laftof a firji, raɓar da za ta kwanta a kan fanel ta fi zafin haɗari.

Masu shagunan gem su ne na fi tausayawa, domin su abincinsu ne. Don tsoron ɓarayi da hannun yara, da yawa suna kulle na'urar a akwatin katako, a bar ɗan ramin da wayoyi za su fito. Iskar da ta fitar ita take sake shaƙa daga safe har dare. Ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar wasa, fanka ta tsaya cak cif yana kan ganiyarsa, a tada janareta a sake kunnawa, a wuni guda na'urar ta yi hawa da saukar da ta wata ƙasa za ta yi a kwanaki. Kejin ƙarfe mai raga yana tsare ta kamar yadda katako ke yi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na sabon fanel ba. A bar mata tazarar hannu daga bango, a sa fankar tsaye ta kori iskar da ke bayanta.

Ga mai kwamfuta, abin farko shi ne ya san lambarsa. Manhajoji irin su HWiNFO da MSI Afterburner kyauta ne, suna nuna zafin furosesa da na katin hoto ana cikin wasa. Ya auna yau bayan rabin awa, ya rubuta, ya sake aunawa bayan wata uku. Idan lambar ta hau alhali yanayi bai sauya ba, ƙura ce ko man shafawa ko fanka. Abu na biyu ya fi kowanne sauƙi, kuma shi aka fi ƙi. Idan allonka hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, katin kuma yana zuba 200, to sauran duk wuta ce kake ƙonawa ba ka gani. Ka ƙayyade shi daga cikin wasan. Ka kuma rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin ɗari. Kamfanoni suna tura kayansu har bakin gaɓa don su ci gasar lambobi, kuma ɗan gudun ƙarshen nan shi ya fi cin wuta, domin zafi yana hawa da sauri fiye da gudu idan aka ƙara ƙarfin lantarki. Abin da za ka rasa ƙalilan ne, ido ba ya cika kama shi, abin da za ka samu kuwa sauƙin zafi ne da shirun fanka da ragin man janareta ko nauyin batirin sola. Wannan shi ne rage zurfin lanƙwasar da ta karya Xbox 360, kuma ba ya cin ko sisi.

Laftof ɗin gem lamarinta ya fi tsanani, tunda ita siririn akwati ce tun asali, kuma yawancinsu ta ƙasa suke shaƙa. Katifa da filo da darduma suna rufe mata hanci. Tebur take so, a ɗan ɗaga bayanta.

Da yake yawancin kayan da ke iso mana na hannu ne, wasu sun yi shekaru suna wasa, wasu katunan ma haƙar kuɗin kirifto suka yi dare da rana, to mai saye kada ya yarda da gwajin minti biyu a bakin kanta. Na'urar da aka farfaɗo da bulowa tana kawo hoto lafiya lau tana sanyi. Ya nemi a kunna wasa mai nauyi ya yi rabin awa, yana kallon lambar zafi, yana sauraron fanka ko tana gurnani, yana duba allo ko ɗige-ɗige da layuka za su ɓullo. Sannan a kashe ta ta huce sarai, a sake kunnawa, domin a wannan tashin na biyu ne tsagaggen liƙi ya fi tona kansa. Idan za a yarda a buɗe, ya duba kewayen cif ɗin hoto, in fanel ya yi duhu-duhu ko akwai busasshen danƙo a wurin, an taɓa gasa shi. Mai kayan da ya ƙi a yi wannan gwaji, a bar masa kayansa a duba shago na gaba.